Ƙarashen gini daga nesa

Gidan da nake ginawa a ƙauyenmu, can bayan Garwa, ya tashi cikin wata bakwai. Ƙarashensa kuwa yau shekara biyu ke nan. Bulo da kwano ba su da gardama: ka tura kuɗi ta Orange Money, a turo maka hoto a WhatsApp, ka ƙirga layi. Amma hoto ba zai gaya maka ko ruwan banɗaki yana gangarawa magudana ba, ko ƙofa tana cijewa.

Mai tayil ya so ya shimfiɗa mai sheƙi, irin na gidajen Bastos. Na ce a'a. Hajiya ta haura tamanin, kullum tana kan alwala, santsi ɗaya ya isa ya kwantar da ita. Aka sa mai kaushi. Ƙanena ya ji haushi, wai mutane za su ce kuɗin Yaya sun ƙare. To, su ce.

Tagogi ma haka. Nan Briqueterie ruwa muke gudu, can kuwa zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40. Gilas mai zamewa rabi kawai yake buɗewa, don haka na sa mai walda ya yi na ƙarfe masu buɗewa duka, da raga saboda sauro.

Fenti na hana a taɓa sai na je da kaina, jirgin dare zuwa Ngaundare, sannan mota. Ita dai Hajiya ta ce in damina ta sake riskar ta a tsohon ɗakin nan mai yoyo, kada in ƙara kiran ta a waya.