'Yan Mata Takwas Da Suka Isa Hujja

Tsakanin 1966 da 1969, likitoci a birnin Boston na Amurka sun ci karo da 'yan mata takwas, masu shekara 15 zuwa 22, ɗauke da wani ciwon dajin al'aura da ba a saba gani ba sai jefi-jefi, a jikin tsofaffi. Takwas sun yi kaɗan ga masanin ƙididdiga, kuma ba halin a yi gwaji kan masu juna biyu don gano musabbabi.

Sai Dokta Arthur Herbst da abokan aikinsa suka nemo wa kowace majinyaciya tsararta huɗu lafiyayyu, waɗanda aka haifa a asibiti ɗaya da ita, tazarar haihuwarsu ba ta wuce kwana biyar ba. Daga nan suka yi wa iyayensu mata tambayoyi. Bakwai daga cikin uwayen majinyatan sun sha DES, maganin da ake bayarwa don hana ɓari. Cikin sauran uwaye 32 kuwa, ko ɗaya ba ta sha ba.

A 1971 aka wallafa sakamakon, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi likitoci su daina ba masu ciki maganin. Inda marasa lafiya suka yi ƙaranci, nauyin hujja yana rataye ne a kan waɗanda aka zaɓa don kwatantawa.