Kwamfutar Da Ke Riƙe Mini Lissafin Saki Da Idda

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi haƙuri, ɗan tsokaci ne a kan yadda nake aikin.

Duk wanda ya taɓa rubuta littafi mai kashi uku ko huɗu ya san ƙago labari bai kai riƙe shi wuya ba. Mu kuwa marubutan soyayya namu ya fi na kowa, don labarinmu a kan aure yake tafiya, aure kuma da lissafinsa. Saki nawa miji ya yi? In ya cika uku babu kome sai ta auri wani. Wadda mijinta ya rasu takabarta wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuwa sai ta haihu. Makaranciyar da ta yi Islamiyya tana ƙirgawa da yatsu, in marubuci ya ɗaura aure cikin idda ba za ta yafe masa ba. A da, lokacin da ake kai littattafai kasuwar Sabon Gari ta Kano, akan gyara a bugu na biyu. Yanzu da ake sakin shafi kullum a WhatsApp da Wattpad, abin da ya fita ya fita.

Akwai wata irin manhaja da ke jera rubutu tamkar bishiya: littafi shi ne gindi, babi-babi rassa, kowace fitowa kuma ɗan reshe, ka naɗe wanda ka so ka buɗe wanda ka so. Ba sabon abu ba ne, wani Ba'amurke Dave Winer ya fito da irinta mai suna ThinkTank tun 1983. Tsarin ma mun riga mun san shi. Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya a 1936 ai haka take, labarin aku ne gindi, sauran labarai suna rataye a jikinsa, wani a cikin wani.

Wadda nake amfani da ita sunanta Leo, kyauta ce, wani Edward Ream ya ƙirƙiro ta. Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a Samaru shi ya sa mini. Kowane reshe yana da kanu da kuma rubutun ciki, amma abin da ya ja hankalina wata ɓoyayyiyar jaka ce da ke maƙale da kowane reshe, wadda za ka zuba bayanin da ka ga dama ba tare da ya bayyana cikin labarin ba. Ya ce, "Gwaggo, faɗa mini abin da kike so ta riƙe." Na ce kwanan wata, gari, waɗanda ke cikin fitowar, adadin saki, da wanda ya mutu.

Sai ya rubuta 'yan layuka da yaren Python, iri biyu. Na farko mai karantawa ne kawai. Yana bin rassa ɗaya bayan ɗaya daga farkon littafi, yana leƙa jakar kowanne yana tara lissafi. In ya ga sakin wata ya kai uku sannan ya tarar da kome a gaba babu wani aure a tsakani, sai ya rubuto sunan babin. Haka in mamaci ya sake bayyana a zaure yana shan fura. Na biyu shi ne mai sauyawa. Misali na ga ya dace bikin ya koma bayan Babbar Salla, to duk fitowar da ke ƙarƙashin wannan reshe sai kwananta ya matsa gaba ɗaya, maimakon in bi su da hannu.

Wannan na biyun ina jin tsoronsa, kuma ina ganin ya kamata kowa ya ji. Mai karantawa ko ya rikice ba ya ɓata komai, iyakarta ya ba ka amsar banza. Mai sauyawa kuwa cikin ƙiftawar ido zai shafe bayanin fitowa ɗari, kuma tun da jakar a ɓoye take ba za ka gani ba sai an yi nisa. Shi ya sa ba na taɓa shi sai na ajiye kwafi a filas, balle ga wutarmu ta Tudun Wada da ba ta sallama in za ta tafi.

Wata 'yar'uwa marubuciya ta ce mini wannan ai raggwanci ne, magabata da ƙwaƙwalwa da littafin aji suka yi. Ban musa mata ba. Sai dai injin bai taɓa rubuta mini jimla ɗaya ba, kuma abin da ban zuba masa ba bai san shi ba. Bai san shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kusan kwana 11 ba, har azumin da aka yi cikin damina a 2012 ya dawo tsakiyar zafin bazara a 2022. Wannan sai da na sa yaron ya ƙara mini gurbi na shida, na yanayi, kuma da hannuna nake cike shi fitowa bayan fitowa.