Ina "Wai" Ta Shiga?

A watan Agustan 2014, lokacin da cutar Ebola ta ɓulla a Nijeriya, gwaggona da ke Miga ta bugo mini waya tun kafin kiran assalatu. Umarni ta ba ni: in tashi iyalina mu yi wanka da ruwan gishiri, mu kuma sha. Da na ce, "Gwaggo, wa ya faɗa?" sai ta ce, "Kai dai ka yi, malamai ne suka ce." Waɗanne malamai? Ba ta sani ba, haka ma wadda ta gaya mata. Bayan kwana biyu jaridu suka ruwaito cewa shan gishirin ya yi sanadin rasa rayuka.

Abin da ya tsaya mini a rai, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne babu kalmar "wai" a cikin zancenta. Da wannan 'yar kalma Bahaushe yake raba abin da ya gani da abin da ya jiyo. Idan ya ce wai an ga wata a Jahun, ya nuna cewa idonsa bai shaida ba. Saƙon waya kuwa, kafin ya ratsa hannu goma ya yar da "wai" a hanya, sai ya iso tamkar daga bakin ganau.

Malaman tauhidi, irin su Imam Nasafi wanda ya rasu a 1142, sun taƙaita hanyoyin samun sani zuwa uku: lafiyayyun gaɓɓai kamar ido da kunne, da hankali, da labari mai gaskiya. A kan ta ukun nan malaman hadisi suka ƙarar da rayuwarsu. Suna bin isnadi, wato jerin masu ruwaya, mutum bayan mutum, suna tambayar wane ne shi, yaya haddarsa, kuma ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ma umarni ce da a bincika labari kafin a yi aiki da shi.

Duk wannan muna koyar da shi, amma a matsayin abin haddacewa don jarrabawa. Na taɓa zuwa duba wani ɗalibinmu a lokacin gwajin koyarwa, a wata ƙaramar sakandare kusa da Dutse. Yana cikin bayanin ingantaccen hadisi da raunanne sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce a wayar yayansa akwai hadisin da aka ce duk wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga masifa. Malamin ya ce masa ya zauna, wannan ba ya cikin manhaja. Ni kuwa a ganina darasin ne ya kawo kansa har cikin aji, aka kore shi. Da ya rubuta saƙon a allo, ya sa yaran su nemo wanda ya ruwaito shi da littafin da yake ciki, su kuma auna da hankali ko akwai maganar tura saƙo a zamanin sahabbai, da sun koyi isnadi a aikace. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu muka horar da shi haka.

Gwaggo har yanzu tana aiko mini da saƙonnin murya. Sai dai takan fara da cewa, "Wai dai, tun da kai ba ka karɓar zance sai da shaida."