SALLAHUN DA BA MU KWANCE BA

Tunda juyi ya zo kanmu a wannan mako, ga ɗan abin da ya sawwaƙa.

Mu dai mutanen Garki ba mahaya jirgin sama ba ne, 'yan rakiya ne. Yawancinmu iyakarmu da jirgi mu ɗaga kai mu ga farin layin da ya bari a sama, sai kuwa in Allah Ya kira wani namu zuwa Hajji ko Umara, a cika mota a raka shi. A irin wannan rakiya ne muka yi wani abu da a lokacin muka ɗauka bajinta ce, yau kuwa in mun tuna sai gabanmu ya faɗi.

Shekarun baya ne, Gwaggonmu za ta tafi Umara. Mu huɗu 'ya'yan ƙannenta muka kai ta filin jirgi, ba sai mun ce wanne ba. Muna zaune a tabarma muna jiran kira, sai ga wani mutum mai kamala, da farar riga da carbi a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi daga ina. Da ya ji Garki sai ya lissafo mutum biyu da ya sani a Ringim, kuma duk mun san su. Daga nan ya fito da wani ƙulli, an naɗe shi da baƙar leda, an ɗaure tamau.

"Hajiya, alfarma nake roƙo don Allah," in ji shi. "Ƙanwata ce ke zaune a Makka. Kuka ce da daddawa da ɗan yaji. Ga lambar wayarta a jiki."

Gwaggo ta ce, "Haba ɗan nan, wannan har ya kai a roƙa? Allah dai Ya kai mu lafiya." Ta miƙo mana ƙullin, muka danna shi cikin jakarta, tsakanin zannuwa da garin kunu. Ko ɗayanmu bai shinshina ba, balle ya ce a kwance.

Da aka zo layin bincike kuma sai ga wani abokin yayanmu da ke aiki a wurin. Ya ɗauki jakar da kansa, ya ce wa na bakin na'ura, "Uwata ce." Shi ke nan. Ba a buɗe jaka ba, ba mu ma ga ta bi ta cikin na'urar ba. Har muka dawo gida labarin da muke ba kowa ke nan: ai tamu Gwaggon ba a taɓa mata kaya ba, da mutuncinta ta wuce.

Gwaggo ta je ta dawo lafiya, ta kuma isar da sallahu. Muka manta da zancen, sai a shekarar 2019. Da yawanku za ku tuna ɗalibar nan da ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta a watan Disamban 2018, aka kama ta a Saudiyya saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tramadol wadda aka liƙa wa sunanta. Jakar ba tata ba ce. Binciken hukumar NDLEA ya kai ga kama wasu ma'aikatan filin jirgin da ake zargin su suka ƙulla abin. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, kuma a farkon wannan watan ne Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa a kan wata 'yar Nijeriya saboda safarar ƙwaya. Daren da muka ji labarin, Gwaggo ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ita wannan yarinya ba ta ma karɓa ba. Ni fa da hannuna na karɓa."

Kawunmu, wanda rediyo ba ya rabuwa da kunnensa, shi ya faɗaɗa mana maganar. Ya ce, "Ku tunaninku ya tsaya a kan ƙwaya. Hannun da ya iya shigar da ƙwaya, me zai hana shi shigar da fetur? Ku yara ne, ba ku san na 93 ba." Ya ba mu labarin yadda ya ji shi a lokacin, daga baya kuma muka bi diddigi.

Ranar Litinin 25 ga Oktoba, 1993, lokacin kaka, an gama da gero ana jiran dawa. Ƙasa kuwa tana cikin ruɗani, domin gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen 12 ga Yuni, an ɗora Ernest Shonekan a kan gwamnatin riƙon ƙwarya. Rikicin bai bar mu a baya ba: nan Jigawa ma Abiola aka fi zaɓa, kuma sakataren jam'iyyarsa ta SDP na ƙasa shi ne Sule Lamido. A wannan rana jirgin Nigeria Airways ƙirar Airbus A310 ya tashi daga Legas zuwa Abuja da kusan mutum 150. Cikinsu akwai samari huɗu: Richard Ogunderu mai shekara 19, da Kabir Adenuga, da Benneth Oluwadaisi, da Kenny Rasaq-Lawal, 'yan wata ƙungiya da ake kira MAD. Jirgi na daidaita a sama suka miƙe, suka ce sun karɓe shi. Buƙatarsu ita ce gwamnatin Shonekan ta sauka a ba Abiola mulki.

Sun so a kai su Frankfurt ta ƙasar Jamus, amma man jirgin ba zai kai ba, sai aka sauka a Yamai, zamanin Shugaba Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram. Kawu ya ce abin da ya fi girgiza su ke nan, jin cewa abin da suka saba ji a ƙasashen nesa ya sauka a Nijar ɗin da suke leƙawa ta Maigatari da Babura. Samarin suka saki yawancin fasinjoji, suka riƙe sauran, suka ba da wa'adin awa 72, in ba haka ba su cinna wa jirgin wuta. Cikin daren 27 wayewar 28 ga wata jami'an tsaron Nijar suka afka ciki suka kama su. An rasa ran mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin. Samarin sun yi shekara tara da ɗoriya a kurkukun Nijar. Gwamnatin Shonekan kuwa ta faɗi ranar 17 ga Nuwamba, amma a hannun Janar Abacha, Abiola bai ga kujerar ba.

Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne kayan aikinsu: bindigar wasa, wuƙaƙe da fetur. Duka sun bi ta ƙofar da aka ajiye mutane musamman don su hana irinsu wucewa. Kuma ba a ce ba a yi gargaɗi ba. Wata biyu kafin nan, a Agustan 1993, Amurka ta dakatar da zirga-zirgar jirage kai tsaye tsakaninta da Legas saboda raunin tsaro a filin jirgin Murtala Muhammed, ba ta ɗage takunkumin ba sai a Disamban 1999. Na nesa ya hango tsagar bango, ƙadangaren gida kuwa ya daɗe da saninta.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne. Gaskiya ne an samu canji. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, wanda mutum 19 suka ƙwace jirage huɗu a Amurka da ƙananan wuƙaƙe, an ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa, ana kulle ta daga ciki. Yanzu da wuya wani ya banka ta kamar yadda ake yi a da. To amma da aka toshe sama, sai mai mugun nufi ya dawo ƙasa, wajen ma'aikata da shinge da kaya. A watan Fabrairun 2016 bam ya fasa jikin jirgin Daallo Airlines jim kaɗan bayan tashinsa daga Mogadishu, kuma hotunan kyamarar tsaro sun nuna ma'aikatan filin ne suka miƙa wa maharin kwamfutar da aka ɓoye bam ɗin a ciki. A 2013 wani yaro ya shiga ramin tayar jirgi a Benin, bai fito ba sai a Legas. Ranar 26 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin Kaduna suka kashe mai gadi, kwana biyu kafin harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Da ɗan gari akan ci gari, in kuma babu ɗan gari, sakaci ya wadatar.

Nan ne abin ya dawo kanmu. Ranar tafiyar Gwaggo babu ɓarawo a cikinmu, babu wanda ya karɓi ko sisi. Kara ce da kunya da sanayya, abubuwan da aka tarbiyyantar da mu a kai, kuma muke alfahari da su. A Garki sanayya ita ce tsaronmu. Baƙo bai kwana a gari ba tare da mai unguwa ya san gidan da ya sauka ba, kuma wanda ya tsaya maka ya san in ka yi ɓarna shi za a nema. Amma a bakin jirgi igiyar ta yi tsawo. Abokin yayanmu ya tsaya mana don ya san mu. Mu mun tsaya wa mai farar riga don ya san wasu a Ringim. Shi kuma wa ya sani ko wani ne ya ba shi ƙullin? A ƙarshen igiyar akwai ɗaruruwan mutane a sararin sama, ba wanda ya nemi izininsu kafin a yi alfarma da rayukansu.

'Yan'uwa marubuta, mu ma da namu kason. Sau nawa muka karanta, ko muka rubuta da hannunmu, cewa Alhaji ya iso filin jirgi a makare, ma'aikata suka yi ta rawar jiki, aka tsayar masa da jirgi, ya wuce ba wanda ya isa ya taɓa jakarsa? Da haka muke nuna wa mai karatu cewa gwarzonmu babban mutum ne. Yarinyar da ke karantawa a waya tana koyon cewa bincike na talaka ne, girma kuwa shi ne a tsallake layi. Ba cewa muke a mai da labari wa'azi ba. Amma akwai labari mai daɗi da ba mu taɓa ba tukuna: na ƙaramin ma'aikacin da surukinsa ya zo da jaka, ya rasa yadda zai ce masa a buɗe. Wanda ya san nauyin suruki a ƙasar Hausa ya san wannan ya isa littafi guda.

Mu ma mun ɗanɗana irin nasa. Tun da aka buɗe filin jirgin Dutse a 2014 rakiya ta yi mana sauƙi, kuma bayan 'yan shekaru sai Allah Ya kira Innarmu aikin Hajji. Ana gobe tafiya maƙwabcinmu, dattijon da tare suka taso da mahaifinmu, ya aiko da ƙulli a kai wa ɗansa. Muka yi shawara a tsakaninmu, muka ɗauki ƙullin muka same shi a zaurensa. Babbanmu ya durƙusa ya ce, "Baba, a gafarce mu, so muke a kwance shi a gabanka."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ni kuke zargi?"

"Wallahi a'a, Baba. Za a tambaye ta ko ta san abin da ke cikin jakarta, ba ma so ta yi ƙarya a hanyar Makka."

Bai ƙara magana ba. Ya sa hannu ya kwance. Kuɓewa busasshiya ce da kuka, sai ɗan ƙunshin magani a takarda, wanda ya ce wani ne ya ba shi a haɗa, shi ma bai san ko mene ne ba. Muka ce wannan kam ba za a tafi da shi ba. Ya tattare kayansa duka ya ce mu bar shi, ya gode.

Wata uku yana amsa gaisuwarmu da ka kawai. Mahaifinmu ya yi mana faɗa, ya ce mun zubar masa da zumuncin shekara sittin a kan kuɓewa. Ba za mu ɓoye muku ba, abin ya yi mana ciwo, kuma mai yiwuwa ƙunshin nan sassaƙen maganin basir ne kawai. Inna ta je ta dawo lafiya, an buɗe jakarta a nan an buɗe a can, ba ta ji ɗar ba ko sau ɗaya. Cikin tsarabarta ta ware hula da dabino da zamzam, ta ce mu kai wa maƙwabci da hannunmu. Ya karɓa, ya sa mana albarka. Har yau dai bai sake ba mu sallahu ba.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Muna jiran gyaranku.