Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Aka Bar Mini Kekena

Ran da ma'aikatan kotu suka zo rubuta kayana, rigar makaranta ce a ƙarƙashin allura, na haɗa hannu ɗaya saura ɗaya. Suka yi sallama, ɗayansu ya buɗe littafi ya shiga lissafi: babur, janareto, injin surfani, buhunan masarar da suka rage a sito. Da ya ɗora hannu a kan keken ɗinkina, tsohon Butterfly da na gada wajen maigidan da ya koya mini sana'a, sai na ji gwiwata ta sage. Shekara 19 ke nan da wannan keke nake ci da iyalina a garin Zuru.

Ba wanda ya cuce ni. A kakar 2024 na ga yadda masu ajiyar hatsi suka samu, na karɓi kuɗi a hannun wani Alhaji, na bi kasuwar Ribah da ta Bena ina tara masara. Shekarar 2025 ta shigo, farashi ya yi ta gangarowa, abin da na saya da tsada ya koma ko uwar kuɗi ba ya fitarwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na gani da idona. Alhaji ya yi haƙuri har ya gaji, ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya, kuma gaskiyarsa ce.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga Barista take, ɗan unguwarmu da na taɓa ɗinka wa kayan firamare. Ya zo shago da magariba, ya zauna a benci, bai karɓi ko sisi ba. Shi ya fahimtar da ni cewa dokar zartar da hukuncin kotu, wadda ta samo asali tun 1945 zamanin Turawa, ta hana a ƙwace tufafin mai bashi da na iyalinsa, da shimfiɗarsu, da kayan sana'arsa. Har na fara murna sai ya ce, "Baba, dakata, ba zan ɓoye maka ba. Kariyar iyakarta abin da darajarsa ta kai naira 10." Naira goma, wadda yau ko ƙullin ruwan leda ba za ta saya maka ba! Amma ya nuna mini sauran ƙofofi: ba a taɓa gida ko gona sai an nemi kayan ɗauka an ga ba su isa ba, sannan a koma kotu neman izini, kayan ɗakin matata nata ne, ba sa cikin lissafi, kuma ina da damar roƙon a yanka mini biya kaɗan-kaɗan. Daren nan ne na fara barci tun da aka yanke hukunci. Barista, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka.

Sai Malam Liman, wanda ya tara mu a zaurensa bayan sallar la'asar. Bai yi wa Alhaji wa'azin kunyatarwa ba, ni ma bai wanke ni ba. Ya ɗauko Muhtasar na Shaihu Halil ya warware mana babin wanda bashi ya cinye dukiyarsa. Ya ce a mazhabar Malikiyya ana sayar da kayan mutum a raba wa masu binsa, amma ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyarwarsu ke wuyansa har zuwa lokacin da ake zaton zai farfaɗo, da tufafin da aka saba sawa. Gida da gona ba a gaggauta sayar da su, ana jinkirtawa kamar wata biyu don kada a karyar da su. Kayan aikin mai sana'a kuwa, ya ce malamai sun yi saɓani. Sai ya rufe littafin, ya tuna mana aya ta 280 a Suratul Baƙara da ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ya dubi Alhaji ya ce, "Idan ka ɗauke keken, da me zai biya ka?" Allah gafarta Malam, wannan tambaya taka ita ce ta cece ni.

Alhaji, kai ma na gode. Da ka so, takarda tana hannunka. Ka karɓi babur da janareto da masarar, ka ce a bar keke da injin surfani, ragowar a biya duk ƙarshen wata. Aka rubuta, Barista ya kai wa kotu.

Ba zan manta da maƙwabcina ba, dattijo Badakkare, tsohon soja, Kirista, wanda ya sayar da akuya biyu ya biya mini kason wata na farko, ya ce in mayar in na samu. Da bikin Uhola ya matso, shi ya riƙa turo mini danginsa da yadi. Uwar 'ya'yana kuma ta kwance 'yan kunnenta ba tare da na roƙa ba.

Yanzu saura kaso huɗu in gama. Amma na san telolin da maƙeran da masu injin niƙa da ba su da Barista a unguwa, ba su da mai bin bashi irin Alhaji. Don haka nake roƙon wakilanmu na Kebbi ta Kudu a Majalisar Tarayya su duba wannan naira 10 da ke cikin doka, su ɗaga ta ta kai kuɗin keken ɗinki.