Kuskure Biyu a Jaridar Ma'aikata

A ranar 5 ga Maris 1953 Josef Stalin ya mutu, jaridun Jamus ta Gabas kuwa suka shiga makoki kamar yadda aka tsara musu. Cikinsu har da Tribüne, jaridar haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar, FDGB, wadda ake bugawa a Barlin ta Gabas. A cikin ta'aziyyar da ta buga, an yi niyyar yabon mamacin da cewa gwarzo ne wajen kare zaman lafiya da ƙarfafa shi a duniya. Sai kalma ɗaya ta sauya a ɗakin ɗab'i: inda ya kamata a ga Friedens, wato zaman lafiya, aka ga Krieges, wato yaƙi. Gari ya waye ma'aikata suna karanta cewa Stalin gwarzo ne wajen kare yaƙi da ƙarfafa shi.

Hukuma ba ta karɓi wannan a matsayin tuntuɓen hannu ba. An kama Hugo Polkehn, editan da ke kula da fitar jaridar, tare da Karl Richter mai jera haruffa, aka tuhume su da maƙarƙashiya, aka ɗaure kowannensu kimanin shekara biyar. Babban edita Günter Erxleben ya rasa kujerarsa.

Tsananin hukuncin yana da alaƙa da irin kujerar da Erxleben ya zauna a kai. A aƙidar Lenin, ƙungiyar ƙwadago tamkar bel ce a jikin injin niƙa, mai ɗauko ƙarfi daga jam'iyya ta kai wa talakawa. Bel ba ya juya inji. Don haka editan jaridar ƙwadago yana da masu karatu a masana'antu, amma wanda yake yi wa bayani yana hedikwatar jam'iyyar SED mai mulki. Labarai suna zuwa masa daga ADN, kamfanin dillancin labarai na gwamnati, alƙiblar sharhi kuma daga sashen farfaganda na kwamitin tsakiya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwanintar edita a irin wannan tsari ita ce ya tabbatar maganar sama ta isa ƙasa ba tare da harafi ɗaya ya motsa ba, kuma a nan ne Tribüne ta gaza a watan Maris.

Bayan wata uku jaridar ta yi kuskure na biyu, wannan karon babu harafin da ya kauce. A watan Mayu jam'iyya ta yanke shawarar ƙara kashi 10 cikin 100 a kan adadin aikin da ake buƙata daga kowane ma'aikaci, ba tare da ƙarin albashi ba. Ga mai aikin gini wannan ragin kuɗi ne kai tsaye. A farkon Yuni, bisa matsin lambar Mosko, gwamnati ta sassauta wa manoma da 'yan kasuwa da majami'u, amma ta bar ƙarin aikin yana nan. Ma'aikata suka zuba ido su ga ko ƙungiyarsu za ta yi magana. A ranar 16 ga Yuni Tribüne ta fito da maƙalar Otto Lehmann, ɗaya daga cikin sakatarorin FDGB, wadda ta ce shawarar daidai take kuma wajibi ne a aiwatar da ita.

A safiyar nan magina a titin Stalinallee suka ajiye kayan aiki, suka nufi ginin ma'aikatun gwamnati. Kafin dare an sanar da janye ƙarin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Washegari, 17 ga Yuni, kimanin mutum miliyan ɗaya suka fito a garuruwa da ƙauyuka sama da 700, suna neman gwamnati ta sauka a yi zaɓe na gaskiya. Tankokin yaƙin Sobiyet ne suka murƙushe boren, aƙalla mutum 55 suka mutu.

Idan aka jera kuskuren biyu, ma'aunin da ake auna edita da shi ya fito fili. Na farko bai rage wa kowa ƙwandala ba, ya kai mutum biyu kurkuku. Na biyu ya nuna wa ma'aikata cewa jaridarsu tana bayan mai rage musu albashi, ya taimaka wajen kunna wutar da ta ci rayuka, amma Lehmann ya ci gaba da riƙe muƙami a ƙungiyar. Wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne ministan shari'a Max Fechner, da ya tuna wa jama'a cewa tsarin mulkin 1949 ya amince da yajin aiki: an tuɓe shi, an ɗaure shi. Tsarin mulkin 1968 ya share wannan haƙƙi baki ɗaya.

Editocin da suka biyo baya sun ɗauki darasin da aka nufa su ɗauka. Tribüne ta cika da labaran cika alƙawarin tsarin tattalin arziki, da gasar masana'antu, da gidajen hutu da FDGB ke rabawa mambobinta. Zuwa 1989 ƙungiyar tana da mambobi sama da miliyan 9, jaridar kuma tana fitar da kwafi kusan 400,000 a rana. Da jama'a suka sake fitowa kan titi a kakar wannan shekara, babu wanda ya jira jin ra'ayinta. Shugaban FDGB Harry Tisch ya sauka a farkon Nuwamba, ƙungiyar ta rushe kanta a 1990, kuma a 1991 Tribüne ta daina fitowa.