Cinikin Biri a Sama



Kakanninmu fatake da suka riƙa bin hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ba sa shiga Djougou su yi ciniki kai tsaye. Kowane ayari yana da maigidan da yake sauka wurinsa a unguwar Wangara. Shi ke ajiye kaya, shi ke nemo mai saye, shi ke tsayawa idan bashi ya shiga tsakani. Baƙo bai san mutanen gari ba, amma ya san ƙofar da zai buga idan an cuce shi. Har yau, idan ciniki ya ɓaci tsakanin mutanenmu a kasuwar Arzeke ta Parakou, gaban dattawa ake fara kai shi.

Mu da muke rubuta ƙorafin jama'a a zauren maigida a nan Kpébié, yanzu muna karɓar wata irin ƙara da ba mu gada ba: ga mai kuka a zaune, amma babu wanda za a aika a kira. Wata baiwar Allah ta ga leshi mai araha a wani shafi, ta tura kuɗin da ta shekara tana tarawa don auren 'yarta, washegari lambar mai kayan ta daina shiga. Wani matashi ya rubuta lambobin katinsa don sayen kayan gyaran babur, kafin mako ya zagayo an yashe asusunsa. Maigida ya kan tambaya: wa ya tsaya muku? Sai a yi shiru. Malaman fiƙihu sun daɗe da gargaɗi a kan cinikin da ke da garari, Bahaushe kuma ya kira shi cinikin biri a sama.

Ya kamata mu san abin da muke riƙe da shi. Katin banki yana da lambobi 16, da watan da zai daina aiki, da wasu lambobi 3 a bayansa. Wanda ya sami waɗannan zai iya sayayya da sunanka alhali katin yana aljihunka. Kuba ta ƙarshe ita ce lambar da banki ke turowa wayarka don tabbatar da biya. Saboda ita ɓarawo yake kira, da sallama da ladabi, da Faransanci ko Dendi ko Hausa tsantsa, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa ba. Ma'aikacin gaskiya, na banki ne ko na MTN MoMo ko na Moov Money, ba ya neman lambar sirrinka. Haka nan mai cewa ya turo maka kuɗi bisa kuskure: duba abin da ke asusunka da kanka, domin saƙon waya ana ƙirƙirarsa.

Ba mu ce a bar sayayya ta intanet ba. Mun ce a nemi mai tsayawa. In kayan suna Kwatano, sa ɗan uwa ya je ya gani da idonsa kafin ka biya. In mai kaya ya yarda a biya bayan an kawo, shi ya fi. Ware kati daban na sayayya, ka zuba masa daidai abin da za ka kashe. Kada ka tura hoton katinka ga kowa. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas kuwa, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne kunya. Da yawa sai bayan wata guda suke zuwa, gudun kada a ce wayonsu ya gaza. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da ka ga an taɓa kuɗinka, kira banki a toshe katin a wannan sa'ar, adana saƙonni da lambar da ta kira ka, ka kai ƙara wurin 'yan sanda. Tun 2018 Benin take da dokar da ta tanadi hukunci kan zamba ta intanet, kuma kotun CRIET tana shari'ar masu yin ta. Shirunka shi ke ba ɓarawo damar cutar maƙwabcinka gobe.

Mu iyaye kuma, idan yaro ba shi da sana'a ya shigo da sabon babur, mu tambaye shi kafin mu sa albarka. Masu wannan aiki, waɗanda ake kira gayman, a gidaje aka haife su.

Allah Ya tsare mana halalinmu, Ya raba mu da haƙƙin wani.